Abin da Ban Faɗa a Gaban Surukina Ba

Shekara ashirin da shida na yi a tsaye gaban tebur guda, a wani kamfanin jimar fata da ke Challawa, kuma a tsawon waɗannan shekaru ban ɗauki wani kayan aiki da ya fi alli nauyi ba. Aikina shi ne zaɓen fata. Idan fatu suka fito daga ganguna, wato manyan injinan da ke juya su cikin ruwan jima, an jeme su, an matse su, sun yi shuɗi-shuɗi saboda sinadarin da ake jima da shi, sai a turo su gabana a kan amalanke. A shimfiɗa mini guda, in yi mata duba ɗaya, in sa mata alama: lamba ɗaya, ko ta biyu, ko ta uku, ko kuwa a jefa ta gefe.

Duba ɗaya na ce, domin mai zaɓen da ke bin fata da ido daga wuya zuwa wutsiya bai iya aikin ba tukuna. Ana so ido ya kwashi fatar gaba ɗayanta a lokaci guda, tsakiya da gefe, ya ga yankan wuƙar mahauci a gefen ciki, da inda kaska ta ciza, da kartar ƙaya a gadon baya, da tabon ƙazuwa wanda gashi ya ɓoye tun dabbar tana da rai. Mahaifina majemi ne irin na dā, da toka da bagaruwa ya yi sana'arsa, kuma a gabansa na koyi kallon fata tun ban san akwai injin da ke jima ba. Damin da na sa wa allina ba a sake kwance shi har ya bar ƙasar nan. Ma'aikata suna kirana Sarkin Tebur, ban kuwa taɓa hana su ba.

Sai dai majema ba ta barin jikin mutum yadda ta same shi. Ruwan sinadarin nan, yadda yake shiga matacciyar fata haka yake cin mai rai. Ni ya fara mini daga tsintsiyar hannu, ya hau damatsa, sa'an nan ya sauka inda jiƙaƙƙen wando ke manne wa mutum yini guda, wato cinyoyi da matsematsi. Ƙaiƙayi ne irin wanda ke sa dattijo ya nemi bayan bango. Ga kuma tururin ganguna, wanda ke mayar da ido jajir tun kafin la'asar.

A ƙofar kamfani akwai ɗan kemis, kuma duk wanda ya yi wata guda a majema ya san abubuwa biyu da ake nema a wurinsa. Na farko wata 'yar ƙwaya ce fara, ƙarama kamar ƙwayar dawa, wadda idan ka sha da safe ƙaiƙayi zai kwanta, gaɓoɓi su saki, abinci ya shiga. Na biyu 'yar kwalba ce ta maganin ɗigawa a ido, ɗigo guda ya mayar da jan ido fari fat. Jan ido kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne a wurinmu. Magidancin da ya shiga sahun sallar magariba a unguwa da ido jajir, ba a kwana biyu sai an fara raɗa cewa ya soma shaye-shaye. Saboda haka akwai kwalba guda da ke zaune a kan tagar ɗakin da muke canza tufafi, ta kowa da kowa. Idan an tashi, mutum ya wanke hannu da ƙafa, ya ɗaga kai sama ya ɗiga, ya miƙa wa na bayansa. Idan ta ƙare wani ya kawo sabuwa. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke cikinta. Ni da yake ban ga ya dace mai muƙami irina ya haɗa kwalba da masu tura amalanke ba, sai na mallaki tawa. Da ita da ƙwayoyin na ajiye su cikin wani tsohon gwangwanin madara a saman kabad ɗin ɗakina, kuma fiye da shekara goma gwangwanin nan bai taɓa zama fanko ba.

Tun ban tsufa yadda ya kamata ba yanar ido ta rufe mini idanu biyu, aka yi mini aiki aka cire, aka sa mini wani ɗan gilashi a cikin kowane ido. Na hagu bai dawo yadda yake ba, amma na dama ya dawo tangaran, na ci gaba da aiki da shi. Shi ne jarina. To, a tsakiyar shekarun dubu biyu, kamar wata uku kafin Babbar Sallah, sai na fara ganin kamar an shafa wa wannan idon man shanu. Hasken fitilar da ke saman tebur yana watsewa, fata tana zama shuɗi guda babu bambanci.

Lokacin bai yi wa kowa daɗi ba. Masaƙun Sharada suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, a Bompai ma wuraren da dā ke fitar da hayaƙi sun koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su daga waje. Kullum da safe sai mun ratsa ta cikin mutane a ƙofar kamfani, magidanta da takardun shaidar aiki a aljihu, sun tsaya ko za a ce ana neman hannu. Wasu na san su, mun yi shekaru muna shiga bas ɗaya. Mukan gaisa ba tare da mun dubi juna sosai ba.

Wata rana manaja ya aiko a kira ni. Mutum ne mai ladabi, sa'an ƙanena. Na tarar da dami guda a kwance a ƙasan ofishinsa, da alamar allina a kan kowace fata.

Ya ce, "Baba, ku zauna."

Na ce, "A tsaye nake aiki, a tsaye zan ji."

Ya ɗaga fata guda ya tura yatsa ta cikin wani yanka har ya fito ta baya. Ya ɗaga ta biyu, ya ɗaga ta uku. Dukkansu lamba ɗaya na ba su.

Ya ce, "Na san ba halinku ba ne, ido ne. Ku je a duba muku, na ba ku lokaci. Amma kun fi ni sanin abin da ke zuwa bayan Layya. Fatun raguna za su cika filin nan har bakin ƙofa. Ranar nan ina so in ga idonku a kan tebur. In bai samu ba, ba ni da yadda zan yi sai in tsayar da wani."

Na ce masa na ji, na fito.

'Ya'yana maza ba sa gari, saboda haka mai ɗakina ta shirya cewa mijin 'yarmu ta fari shi zai raka ni asibitin ido. Ma'ajin kaya ne a wani rumbu a Bompai, ya yi boko, ya san yadda ake yanka kati da bin layi. Dole in tsaya a nan in faɗi yadda muke da shi, domin a kan wannan ne duk abin ya rataya. Shekara tara ke nan da na ba shi aure, kuma a cikinsu bai taɓa cin abinci a gabana ba, ni ma ban taɓa ci a gabansa ba. Tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa, ya gaishe ni kansa a ƙasa, in amsa ina duban wani gefe. Idan yana da magana da ni, matarsa yake gaya wa, ita ta gaya wa mahaifiyarta, sa'an nan ta iso gare ni. Haka na ga mahaifina ya yi da nasa surukan, haka na riƙe, kuma ina ganin kyan abin har gobe. A cikin a-daidaita-sahun da ya kai mu asibiti, gaba ya zauna kusa da direba domin kada kafaɗarsa ta taɓa tawa.

Likitar mace ce, ba za ta girmi 'yata ba. Da yake an ɗiga mini abin da ke buɗe ƙwayar ido har ban iya ganin gabana sosai, sai aka ce mai rakiya ya shigo da ni. Ya zaunar da ni, ya koma kan benci a bayana ya sunkuyar da kai.

Ta duba ni da na'urorinta, ta ce ba yanar ce ta dawo ba. Akwai wata siririyar fata a bayan gilashin da aka sa mini, ita ce ta yi hazo. Ta ce maganin abin ba wuƙa, haske ne mai ƙarfi da ake kira leza, za a harba shi ya buɗe 'yar taga a tsakiyar hazon, kuma ba ya ɗaukar lokacin da ya kai na alwala. Na ji sanyi a raina. Sa'an nan ta auna ƙarfin ruwan da ke cikin idon, ta sake aunawa.

Ta ce, "Baba, awon idonku ya hau. Kuna amfani da wani magani? Na sha, ko na ɗigawa, ko na shafawa?"

Na ce, "Babu."

"Ko na ciwon gaɓɓai? Ko na asma? Ko na ƙaiƙayi?"

Ta ambaci ƙaiƙayi da bakinta, na ji da kunnena. Na kuma san tambayar da za ta biyo baya idan na amsa: a ina ne yake muku ƙaiƙayin, tun yaushe, ku nuna mini. Ina jin numfashin surukina a bayana. Na yi tunanin mutumin da ke tuɓe takalmi tun daga zaure saboda ni, a ce yau ya ji ana lissafa cinyoyina da matsematsina, kuma daga bakin mace sa'ar matarsa. Na jawo hannun rigata na rufe tsintsiyar hannuna.

Na ce, "Lafiyata ƙalau, 'yata. Idon ne kawai."

Ta dubi fuskata, wadda a shekarun nan ta yi kumburi har mutane suna ce mini hutu ya karɓe ni. Ba ta musa mini ba. Ta rubuta maganin ɗigawa na saukar da awon ido, ta ce a dawo bayan mako biyu. Ta juya ga surukina ta ce, "Malam, ranar da za ku dawo, ka tattaro duk wani magani da ke ɗakin Baba, ka zubo a leda ka kawo mini. Ko wanda ake ganin ba komai ba ne."

Ya ce, "To, likita."

Amma ta yaya zai shiga ɗakina, balle ya ɗaga hannu saman kabad? Sai saƙon ya bi hanyarsa ta kullum. Ya gaya wa matarsa, ta gaya wa mahaifiyarta, ita kuma ta same ni bayan sallar azahar ranar hutu. Na ɗauko wani guntun katin maganin ciwon kai na ba ta.

Ta ce, "Malam, gwangwanin fa?"

Na ce, "Wannan na majema ne, ba ruwansa da asibiti."

Ta karɓi katin ta tafi. Guntun katin nan shi ya bi ta hannu uku ya isa teburin likita.

A makonni biyun ina ɗiga nata yadda ta ce, ina kuma ɗiga nawa idan an tashi aiki, ina shan ƙwayata da safe. Da muka koma awon ya ɗan sauka, amma bai kai inda take so ba. Ta so ta ƙara ɗage aikin lezar. Na roƙe ta, na gaya mata maganar Layya da ta tebur, abin da ban taɓa yi wa sa'an wanda na haifa ba. Ta ajiye alƙalami ta yi mini bayani a hankali, kuma zan maimaita shi yadda na ji, domin kada wani ya ɗauka ba a gaya mini ba.

Ta ce a cikin ido akwai ruwa da ke shigowa yana fita ta wata 'yar magudana. Akwai wani jinsin magani da ake bayarwa don kumburi da ƙaiƙayi, ana yin sa ƙwaya, ana yin sa na ɗigawa, wanda idan aka daɗe a kansa yakan toshe magudanar a idon wasu mutane, ruwan ya taru ya danne jijiyar gani. Leza ita ma takan ɗaga awon ido na ɗan lokaci. Kuma maganin da za ta ba ni in ɗiga bayan aikin, don kada idon ya kumbura, daga wannan jinsin yake. Ta ce, "Ido mai lafiya yana ɗaukar wannan na 'yan kwanaki. Amma in akwai irinsa a jiki tun da daɗewa, to kaya ne a kan kaya. In da akwai, da na dakata, mu janye shi a hankali, in kuma canza abin da zan ba ku. Shi ya sa nake sake tambaya."

Na fahimci kowace kalma. Surukina yana kan bencinsa. Na lissafa makonnin da suka rage kafin Sallah, na ga dakatawa ba ta cikinsu. Na ce, "Babu komai sai abin da aka kawo miki."

Aka sa haɓata a kan wani ƙarfe, aka ce in dubi wani ɗan jan haske kada in motsa. Na ji ƙara ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana fasa gyaɗa a ɗakin maƙwabci. Babu zafi ko kaɗan. Aka zaunar da ni sa'a guda, aka sake aunawa, aka sallame mu da magunguna da ranar dawowa, da gargaɗin cewa in na ji ciwo ko na ga gani ya canza in zo nan take. Washegari da safe na fito tsakar gida na ga ganyen darbejiyarmu ɗai-ɗai, kowane da bakinsa mai zarto. Na daɗe a tsaye.

Bayan kwana uku na koma majema, ko da yake an ce in huta. Akwai wani mai tura amalanke, mutumin Damagaram, wanda muka fara aiki shekara ɗaya da shi. Da yake ni Bakano ne, wasa ya halatta tsakaninmu, kuma shi kaɗai ne a kamfanin ke gaya mini abin da ya ga dama.

Ya hango ni ya ce, "A'a, Bakano! An ce wuta suka harba maka a ido. Me ya sa ba ka ce su haɗa da kunnen ba? Shi ma ai ya daɗe ba ya jin magana."

Na ce, "Tura amalankenka, bawan Kanawa. Yau har ƙudan da ke kan hularka ina gani."

"To madalla. Dā kana ba ruɓaɓɓiya lamba ɗaya, na ce ko tausayin tsofaffi 'yan'uwanka ne ya kama ka."

Ranar na yi zaɓe kamar ina ɗan shekara talatin. Amma idon da aka taɓa bai jure tururin ganguna ba, yakan yi ja tun da hantsi. Ban so manaja ya gani ya ce aikin bai yi ba, sai na riƙa ɗiga tawa kwalbar sau uku, sau huɗu a yini, a kan wadda likita ta bayar. Zafi kuma ya shigo gari, ƙaiƙayi ya tashi, na mayar da ƙwayar biyu. Ranar dawowa asibiti ta zo, na ce ina gani lafiya, me zan je yi, ban je ba.

A mako na uku na fara ganin zobe mai launuka kewaye da fitilar tebur. Sai nauyi a goshi ta ɓangaren dama, kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Na daure kwana uku. A na huɗu, da hantsi, na yi amai a bayan ɗakin ganguna, aka sa ni a mota aka kai ni gida.

Mai ɗakina ba ta tambaye ni komai ba. Ta aika a kira surukinmu ya samo abin hawa. Ta shiga ɗakina, ta taka kujera, ta sauko da gwangwanin, ta ɗaure shi a gefen mayafinta.

Na ce, "Ina za ki da wannan?"

Ta ce, "Inda ya kamata ya je tun farko. Shekara talatin da biyar ban taɓa ƙetare maganarka ba, Malam. Yau ka yi haƙuri."

A ƙofar ɗakin likita ta dubi surukinmu ta ce, "Kai tsaya nan, ɗana, ni zan shiga da shi." Abin da ya gagare ni faɗi sau biyu ke nan, ita ta faɗe shi cikin numfashi guda, shi kuwa ya koma ya zauna, har da alamar an sauke masa kaya.

Likita ta juye gwangwanin a kan tebur. Ta ɗauki kwalbar ta karanta, ta ɗauki katin ƙwayar ta karanta. Na yi zaton za ta yi faɗa, da kuwa ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta cire tabarau ta murza idanunta.

Ta ce, "Baba, tun yaushe?"

Mai ɗakina ta ce, "Tun kafin a aurar da ta farin."

Ta ce in naɗe hannun riga, na naɗe. Ta tambayi sauran wuraren, na faɗa. Duk maganar ba ta ɗauki minti biyu ba, kuma rufin ɗakin bai faɗo ba.

Suka yini suna saukar da awon da ƙwayoyi da ɗigo. Bayan kwanaki, da idon ya lafa, aka yi mini wani gwaji na kallon ƙananan fitilu da ke walƙawa a gefe da gefe. Sa'an nan ta gaya mini gaskiya. Ta ce jijiyar gani ta daɗe tana cinyewa daga gefe ba tare da na sani ba, mai yiwuwa ma yanar da ta same ni da wuri daga gwangwanin nan ta fito. Wannan hawa na ƙarshe ya ci da yawa daga abin da ya rage. Tagar da leza ta buɗe tana nan garau, aikin bai ɓaci ba. Amma abin da jijiya ta rasa ba ya dawowa, sai dai a tsare saura. Kwalbar, ta ce, daga yau an rabu. Ƙwayar kuwa ba a yanke ta farat ɗaya bayan shekaru haka, domin jiki ya saba har ya daina yin nasa, sai an riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Ta haɗa ni da likitan fata.

Makonnin ragewar nan ba na son tunawa da su. Ƙaiƙayin shekara goma ya dawo gaba ɗaya, gwiwoyina suka ƙi ɗaukata, abinci ya fita raina. A zaune na yi sallar Idi. Da aka yanka ragonmu, na sa aka shimfiɗa mini fatar a tsakar gida domin in gwada kaina, sa'an nan na ce a ɗauke kafin in duba.

Kwana biyar bayan Sallah na koma Challawa. Filin ya cika yadda manaja ya faɗa, warin gishiri da ɗanyar fata har bakin titi, masu neman aiki sun ninka a ƙofa. Na sa rigar aiki, na ɗauki allina, na tsaya a wurina. Mutumin Damagaram ya turo amalanken farko, bai yi mini wasa ba.

Aka shimfiɗa fata. Tsakiyarta na gan ta fiye da yadda na taɓa gani, har ramukan gashi ina iya ƙirgawa. Amma wuya da wutsiya da gefen ciki babu su, ba duhu ba ne, babu su ne kawai, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Sai da na juya kai dama, na juya hagu, na bi ta daga sama zuwa ƙasa kamar ɗan koyo, kafin in sa alama. Na ce wa raina hannu zai saba. Kafin azahar amalanke huɗu sun yi layi a bayana, masu matsa sun tsayar da inji suna jira.

Sai aka shimfiɗa wata fatar rago, babba, mai kyan gani. Na bi ta a hankali, na ɗaga alli zan ba ta lamba ɗaya. Mutumin Damagaram ya miƙo hannu kamar zai gyara shimfiɗar, ya ɗora yatsa a gefen ciki, ya bar shi a nan yana duban wani wuri. Na juya kai na duba. Yankan wuƙa ne, tsawon ɗan yatsa.

Na ba ta lamba uku. Na goge hannuna, na tafi ofishin manaja da ƙafata tun bai aiko ba, na ajiye allin a kan teburinsa. Ya miƙe tsaye, ya fara magana a kan wani aiki na zama a ɗakin ajiya. Na gode masa, na ce a ba ɗaya daga cikin na ƙofa.

A ɗakin canza tufafi kwalbar kowa da kowa tana kan taga. Na jira aka tashi cin abinci, na gaya wa waɗanda suka shigo abin da likita ta ce, ban rage komai ba, har da inda ƙaiƙayin yake. Suka saurara da ladabi, suka yi mini addu'a. Wani ya ce, "To Baba, da jan idon za mu shiga unguwa?" Na sa kwalbar a aljihu na fito da ita, ina sane da cewa kemis yana nan a ƙofa.

Surukina yana jirana a bakin titi, mai ɗakina ce ta turo shi. Ya durƙusa a gefen kwalta ya gaishe ni.

Ya ce, "Baba, an tashi da wuri yau."

Na ce, "An tashi."

Manyan motoci suna wucewa, ni kuwa ba na ganin abin da ke tahowa ta gefe. Ya tsaya ta damana, taki guda a baya, bai taɓa ni ba. Da hanya ta yi sarari ya yi gyaran murya, muka tsallaka.